Aski a Gindin Tsamiyar Makaranta

Uwar yaron ce ta fara tsegunta mini, ita ma ba ta fito fili ba. Ranar kasuwar garinmu ce, tsakiyar damina, a shekarun nan da kowa ke ta surutun mulkin kai. Ina zaune a rumfata ina wasa aska, sai ta sauke ƙwaryar nono a gefe kamar mai hutawa. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali. Sai da ta ɗora ƙwaryar a ka za ta wuce, sannan ta ce, ba ta ko dube ni ba:

"Wanzam, in wancan ya zo aski, ka ɗaga masa riga."

Na ce, "Wane wancan?"

Ta ce, "Wancan dai." Ta yi gaba.

Na san wanda take nufi. Ɗan farinsu ne, ita da mijinta, wani Bafillace abokina da ke zaune a gefen gari ta hanyar Bebeji, yana noma yana kiwo. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu nisa. Ba sa kiran sunansa, ba sa yabonsa, ba sa nuna sun damu da shi ko da wuta ce ta kama masa riga. Shekara goma sha biyu yaron nan yana duniya, ban taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Ni kuwa babu wannan takunkumi a kaina. Ni na yi masa askin suna, ni na cire masa beli, ni na yi masa kaciya har ya cije ni a hannu, tabon yana nan.

Bayan kwana biyu ya zo aski da la'asar. Da na gama kan, na ce ya juya, na ɗaga rigar. Shekara ashirin da wani abu ina kafa wa mutane ƙaho a baya, na san fata kamar yadda malami ya san allo. Abin da na gani ba dukan rana ɗaya ba ne. Akwai wanda ya warke ya yi baƙi, akwai wanda ya yi ɓawo, akwai ɗanye da ya manne da riga. Siraran na tsumagiya ne, masu kaurin na dorina, wani kan wani kamar kunyoyin gona.

Na ce, "Kai, wa ya noma ka haka?"

Ya ce, "Hedimasta ne, Baba."

"Me kake yi masa?"

Ya shiga lissafa mini. Ran kaza makara. Ran kaza tawada ta ɗiga a littafi. Ran kaza farce ya yi tsawo. Jiya kuma wai ya kalle shi.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar da mai duba makarantu ya zo."

Nan na gane. Hedimastan elemantarenmu matashi ne daga birni, mai keke da agogon hannu. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya koyarwa. Amma yana da gonar gyaɗa a bayan gari, kuma in ciyawa ta taso, 'yan aji uku da aji huɗu su ne 'yan ƙwadagonsa. Wata safiya mai duba makarantu ya faɗo a kan babur ba sanarwa, ya tarar da azuzuwa wayam. Ya tsaya a bakin hanya ya tambayi mutumin farko da ya gani, wani mai kora shanu. Abokina ne. Ya ɗaga sanda ya nuna, ya ce, "Ga su can a gyaɗar malam." Iyakar abin da ya ce ke nan, bai ma san ya ce wani abu ba. Aka aiko wa hedimasta takardar gargaɗi daga sama, gari ya ɗauka.

Duk da haka ban hau maganar yaro na zauna ba. Na san shi, yana da taurin kai irin na ubansa. Ni kuma ba na cikin masu cewa kada a daki yaro, ni ma na sha bulala a makarantar allo, ba ta kashe ni ba. Sai na bi ta hanyar da na iya. Duk ɗan makarantar da ya shigo hannuna, in aska ta hau kansa ba shi da wurin gudu, sai in ja shi da hira. Yara uku na tambaya, daban-daban, bakinsu ya zo ɗaya. In su biyar suka makara, huɗu su sha bibbiyu, shi ya sha goma. Kafin zuwan mai babur kuwa, shi ne ke riƙe wa hedimasta alli, don duk ajin babu mai kama shi a lissafi.

Na tafi wurin uban. Na same shi yana ɗaure maruƙa.

Na ce, "Ɗan Fillo, ka ga bayan yaron nan?"

Ya ce, "Kaɗo, ba ka gaisuwa ne?"

Muka gaisa. Na sake tambaya. Ya daɗe yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara, sannan ya ce ya riga ya yanke shawara. Jibi kawun yaron zai zo daga Burumburum, ya tafi da shi, daga can su bi shanu su nausa Doguwa. Wanda ya iya nemo yaro a dajin nan ya nemo.

Raina ya ɓaci. Shekara huɗu da suka wuce, da dagaci ya rubuta yaron nan a makaranta, ƙarfi aka nuna wa uban, bai so ba. Yanzu yaro ya kai aji huɗu, saura wata uku a yi jarrabawar shiga makarantar midil a birni, shi da kansa yake kwana yana tashi da maganarta.

Na ce, "In ka ɗauke shi, ka yi wa hedimasta aikinsa. Ya soke sunansa a rajista, ya ce ɗan Fulani ya gudu kamar yadda suka saba, dogari ya zo ya tasa ƙeyarka. Shi ya yi dukan, kai ka ɗauki laifin, yaro ya rasa jarrabawa. Tashi mu je wurin dagaci."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe wando a kasuwa. "Ni? In tsaya gaban mutane in ce an taɓa mini ɗa? Kaɗo, ku dai ba ku da fulako, shi ya sa komai ke fita bakinku."

Na ce, "Fulakonka ba ya warkar da miki. Ni na gani, kai ba ka duba ba."

Ya ce, "Wa ya ce maka ban duba ba?"

Daga baya na roƙe shi abu ɗaya, ya ba ni wata guda kafin kawun ya zo. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ga wanda ya san shi, ya yarda ke nan.

Matakin farko da na ɗauka kuskure ne, ba zan ɓoye ba. Hedimasta a wurina yake aski duk Alhamis. Na ce bari in bi ta lalama. Ina cikin jiƙa masa kai na ce, "Malam, yaron nan na gefen gari, a sassauta masa mana. In ubansa ya yi kuskure, ba da nufi ya yi ba."

Ya ce, "Wanzam, kan da ke gabanka aka ba ka. Ka tsaya a kansa."

Na gama, ya tashi ya kaɗe riga. Bai sake zuwa ba. Washegari yaro ya sha dukan da ya fi na kullum, wai ya kai ƙarar malaminsa kasuwa. Ni na jawo masa wannan, har yau ina jin sa.

Na zauna na yi tunani. Mutumin nan ba ya duka sai da dalili a baki, kuma ba ya yi sai inda babu babba. To, sai in ƙwace masa dalilan, in kawo masa manya.

Na ce yaro ya riƙa biyowa ta gidana kullum da sassafe. In duba farce, in duba wuya da bayan kunne, in duba riga. Kai kuwa duk kwana uku sai na bi shi da aska, har fatar ta fara ƙorafi. Sannan in sa shi gaba, mu isa kafin a buga ƙararrawa.

Kawo manyan kuwa shi ne abin da gari bai manta ba. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin makarantar, wajen shingen bini-da-zugu, taku talatin daga filin da yara ke fareti. A jikinta ma ake aiko yara su karyo tsumagiya. Na naɗe tabarmata daga rumfar kasuwa, na rataya zabira, na je na shimfiɗa a gindinta. Ni kaɗai ne wanzami a garin, wanda ke biye da ni sai an yi tafiyar rabin yini wajen Kiru. Mai son aski dole ya biyo ni.

Sarkin fawa ne ya fara zuwa, yana haki. Ya ce, "Wanzam, inuwar kasuwa ta ƙare ne, ka jawo mu bayan gari?"

Na ce, "Nan ta fi iska. Zauna, ka fuskanci can, hasken ya fi kyau."

Na juya shi ya fuskanci filin fareti. Kowa ya zo haka nake zaunar da shi. Kafin kwana uku sun gane, ba wanda ya ce komai, amma sai ga masu zuwa da kansu a aske tas, wai sun zo jiran layi. Ladan ma ya mai da wurin majalisarsa ta hantsi. Yaran da aka aiko karyo tsumagiya su zo su tarar da dattawa, su durƙusa su gaishe mu, su koma hannu wofi.

Rana ta huɗu hedimasta ya fito har bakin shinge.

Ya ce, "Wa ya ba ka izinin zama a nan?"

Na ce, "Wanda ya shuka tsamiyar, Malam. Ya rasu tun kafin a haifi kakana."

"Nan harabar makaranta ce."

"Harabarka ta tsaya a shingen da ka sa yara suka kafa. Duba ƙafata, tana waje."

Sarkin fawa ya ce, "Malam, zo a rage maka mana, layi ba yawa."

Ya juya ya shige. Ya koma yana rufe tagogin aji, sai duhu da zafi su kore shi ya buɗe. Ruwa ya dake ni a gindin tsamiyar nan ya fi sau biyar, askata biyu suka yi tsatsa, matata ta ce na haukace. Amma kwana goma sha biyu bayan yaro yana warkewa, ina dubawa kullum.

Ran na sha uku, Litinin, aka jera yara ana duba tsafta. Mu bakwai ne a gindin tsamiya. Hedimasta ya bi layi har ya iso kan yaron. Ya duba farce, babu. Ya duba riga, babu. Sai ya fizge hular, ya ɗaga murya yadda za mu ji, ya ce, "Ƙazami! Kai duk ƙwarƙwata!" Ya sa manyan yara biyu suka riƙe shi, ya zaro dorina.

Kan da na aske jiya da hannuna. Ƙuda ma in ya sauka a kai sai ya zame.

Sarkin fawa ya miƙe zai tsallaka shinge, na riƙe masa riga. Na ce, "In ƙafarka ta shiga, ka ba shi gaskiya. Gobe a ce mahauta sun kai wa makarantar hukuma hari. Zauna."

Dorina ta sauka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce da ƙarfi, "Ɗaya!" Ta sake sauka, ladan ya kama mini da muryar nan tasa ta kiran salla, "Biyu!" Daga ta uku mu bakwai muke ƙirgawa tare, kamar 'yan aji ɗaya. Mata masu zuwa rijiya suka tsaya. A ta shida hannunsa ya tsaya a sama. Ya dube mu, muka dube shi. Ya ce a koma aji.

Ranar da la'asar muka hallara a ƙofar dagaci. Na aika aka kira uban, ya zo ya tsaya can baya, ya harɗe ƙafa a jikin sandarsa kamar mai kallon rigimar wasu. Na san dagaci ba ya son maganar. Hedimasta ma'aikacin hukuma ne, ba a ƙarƙashinsa yake ba, kuma shi ke karanta masa takardun da ke zuwa daga wurin hakimi.

Na faɗi abin da na gani tun daga farko, ladan ya shaida, sarkin fawa ya shaida har da ƙari. Aka ba hedimasta dama. Ya yi magana mai daɗi, ya ce tsafta dokar makaranta ce, ba ya bambanta ɗan kowa, yaro ya zo da kai mai ƙazanta ya hore shi.

Na jawo yaron, na cire masa hula. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga kan. A nemo mini ƙwarƙwata ɗaya, in ajiye aska har abada. Ni na san kowane kai a garin nan. Guda ɗaya ne ya kusa wata bai ga aska ba, kuma ba na yaron nan ba ne."

Ido duk ya koma kan hular hedimasta, inda gashi ya leƙo ta ƙeya da gefen kunne. Wani ya tuntsire, saura suka kama. Wanzami ba ya son jarfa, ashe mai duba kan mutane ma ba ya son a duba nasa.

Dagaci ya buga ƙasa da sanda. "Ba dariya na tara ku ba. Wanzam, ɗanka ne?"

Na ce, "Ni na yi masa kaciya, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Kaciya ba haihuwa ba ce. Ba na sauraron ƙarar da ba ta da mai ita. Yaro yana da uba. In uban bai ce an cuce shi ba, kowa ya kama gabansa."

Ya san abin da yake yi, ya san al'adar mutanen. Hedimasta ma ya sani, na ga ya gyara zama. Kwana goma sha uku na ruwa da tsatsa za su tafi a banza, jibi kawu ya zo daga Burumburum. Ban waiwaya ba, don kada in ƙara wa abokina nauyi.

Sai na ji takun sanda a bayana. Ya ratso mutane ya zo ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne."

Dagaci ya ce, "Wa ke naka?"

Sai ya kira sunan yaron. Ya fito masa a baki da ƙyar, kamar mai tauna tsakuwa. Yaron da kansa sai da ya firgita ya ɗago kai.

Ya ce, "Ɗana ne, na fari. Ni aka tambaya a hanya, ni na nuna gona. Shi yana can yana cire wa malam ciyawa, bai ce komai ba." Ya miƙe, ya cire rigarsa ya ajiye a ƙasa. Ƙirjinsa da haƙarƙarinsa duk tabon shaɗi ne na zamanin samartaka, manya, masu sheƙi. Ya juya wajen hedimasta ya ɗaga hannu sama yadda suke yi a fili. "Malam, in bakin da ya yi magana kake nema, ga mai shi. Na sha wadda ta fi dorinarka ban ƙifta ido ba. Kawo ta, ka gama a yau, ka bar mini yaro ya yi karatunsa."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Hedimasta ya dubi agogonsa, ya dubi ƙasa.

Dagaci ya daɗe yana shafa gemu. Tsoho ne mai wayo, ya nemo hanyar da ba za ta kai shi gaban hakimi ba. Ya ce shi ba ya shiga aikin makaranta. Amma tunda shi ya rubuta yaron nan da hannunsa, daga yau duk laifin da ya yi, malam ya turo shi nan ƙofar da bayanin laifin, shi zai hore shi gaban jama'a. Kuma ranar jarrabawa yana so ya ji an kira sunan yaron. Ya ce wa abokina, "Sa rigarka, ka tsorata mini jikoki."

Ba a taɓa turo yaron ba, ko sau ɗaya. Hedimasta ya daina yi masa magana sam, ko tambaya ba ya jefa masa a aji. Yaro ya riƙa ɗaukar karatu daga abin da ake gaya wa wasu. Ni ma na biya nawa. Dagaci ya daina kirana askin suna a gidansa, sai ya aika Kiru a ɗauko wanzami, wai na mai da ƙofarsa dandali. Abokina kuwa ya yi wata biyu ba ya shiga kasuwa don kunyar abin da ya faɗa. Da muka haɗu ya ce, "Kaɗo, ka sa na zubar da fulako gaban mahauta." Na ce, "Ka tsince shi, yana nan inda ka ajiye riga."

Ban tashi daga gindin tsamiya ba sai da aka yi jarrabawa. Ban yarda da alkawarin da aka yi don kunyar jama'a ba. Sakamako ya zo bayan an gama girbin dawa, yara biyu suka ci daga garinmu, yana ciki.

Ranar tafiya na yi masa aski, na ɗaga rigar na duba. Tabo ne kawai, ya kwanta. Ni na raka shi Kwanar Dangora da akwatinsa a ka, don uban ya ce shanu ba su da mai kora. Muna tsaye muna jiran motar birni sai na hango uban can nesa a bakin hanya, ya harɗe ƙafa a jikin sanda, babu saniya ko ɗaya a kusa da shi. Bai matso ba, ni ma ban nuna wa yaron ba. Ya riga ya gan shi.